Tambaya da Amsa: Ƙananan Filayen Jirgin Sama da Ayyukan da Ake Yi a Cikinsu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun shafi ƙananan filayen jirgin sama, waɗanda manyan jiragen fasinja ba sa sauka a cikinsu. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na taɓa ganin wani fili mai titi ɗaya tal, babu zauren jiran fasinja, babu hasumiya, kuma babu jirgin kamfani da ke zuwa. Shin wannan ma filin jirgin sama ne, kuma mene ne amfaninsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani filin jirgin sama ne cikakke, kuma irinsa sun fi manyan filayen yawa nesa ba kusa ba. A Amurka, inda wannan harka ta fi bunƙasa, akwai filaye kimanin 5,000 da aka buɗe wa jama'a, amma kusan 500 ne kawai daga cikinsu jiragen fasinja na kamfanoni ke zuwa bisa jadawali. Sauran galibinsu na ƙananan jirage ne. A irin waɗannan filaye ake koyar da tuƙin jirgi, daga cikinsu jiragen feshin magani ke tashi zuwa gonaki, haka kuma masu ɗaukar hoton ƙasa domin zana taswira, da masu duba layukan wutar lantarki da bututun mai, da masu dirowa da laima, da masu shawagi da jiragen da ba su da inji. Aikin da ya fi taɓa zuciyata shi ne jigilar marasa lafiya. A Ostareliya, ƙungiyar likitoci masu tafiya da jirgi wadda John Flynn ya assasa a 1928 har yau tana sauka a titunan ƙasa da aka share a gonakin kiwo masu nisan ɗaruruwan kilomita daga asibiti, kuma da babu waɗannan titunan da jirgin bai sami inda zai sa tayarsa ba. Filin da ya fi kowanne daɗewa yana aiki ba tare da yankewa ba a duniya ma ƙarami ne, wato na College Park a jihar Maryland, wanda aka buɗe a 1909 domin Wilbur Wright ya koyar da hafsoshin soja tuƙi.

Kayan aikin irin wannan fili ba su da yawa. Akwai titin tashi da sauka, wanda zai iya zama na kwalta, ko na tsakuwa, ko na ciyawa, ko ƙasa ce kawai da aka daddaɓe. Akwai doguwar jakar yadi mai kama da hannun riga da ake ratayewa a kan sanda, wadda ke nuna wa matuƙi inda iska ke fitowa da kuma ƙarfinta. Sai wurin ajiye jirage mai zobban ƙarfe a ƙasa da ake ɗaure fukafukai a jikinsu don kada guguwa ta kifar da jirgin, da rumfar gyara, da tankin mai, da ɗan ofis. Abubuwa biyu da ake yawan rainawa, alhali a ganina sun fi fenti da gine-gine muhimmanci, su ne shinge da magudanar ruwa, domin dabba ɗaya da ta ratsa titi a lokacin sauka, ko taɓo da ya riƙe tayar gaba, ya isa ya tarwatsa jirgi lafiyayye.

Tambaya: Malam, idan babu hasumiya kuma babu jami'in da ke ba da umarni, yaya jirage biyu ko uku za su sauka a titi ɗaya ba su yi karo ba? Ni dai abin yana ba ni tsoro.

Amsa: Hajiya, tsoron naki yana da dalili, kuma tambayar ta cancanci a tsaya a kanta sosai. Rashin hasumiya ba ya nufin rashin doka. Dokar tana nan, sai dai matuƙan ne da kansu ke zartar da ita, kuma an gina ta a kan ginshiƙai uku.

Na farko shi ne ido. Yawancin tashin da ake yi a ƙananan filaye ana yin sa ne bisa ƙa'idar gani da ido, wadda ta wajabta wa matuƙi ya nisanci gajimare, kuma a galibin wurare ya iya hangen aƙalla kilomita 5 a gabansa. Idan hazo ko ƙura ko ruwan sama suka rage gani ƙasa da haka, mai bin wannan ƙa'ida ba ya tashi. Na biyu shi ne zagayen fili. Duk jirgin da zai sauka yana shiga wata hanya mai kusurwa huɗu da ke kewaye titin, yawanci a tsayin ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300 daga ƙasa, kuma yana juyawa ne ta hagu sai idan filin ya sanar da akasin haka saboda tsauni ko gidajen jama'a. An zaɓi hagu ne domin a can matuƙi ke zama, saboda haka titin ba ya ɓace masa a duk tsawon zagayen. Amfanin wannan tsari shi ne kowa ya san inda zai nemi ɗan'uwansa a sararin sama, maimakon ya yi ta dube-dube ta ko'ina. Na uku shi ne rediyo. Kowane fili yana da layin da aka keɓe masa, kuma matuƙi yana faɗin sunan filin, da lambar jirginsa, da inda yake, da abin da ya yi niyyar yi, tun yana nesa, sannan ya maimaita a kowace kusurwa ta zagayen har ya sauka ya bar titin. Ba izini yake nema ba, sanarwa yake yi wa duk mai saurare.

Akwai kuma dokokin fifiko da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, ta tsara. Idan jirage biyu suna gangarowa domin sauka, na ƙasa ne ke da fifiko, amma ba a yarda wani ya kutsa gaban wanda ya riga ya miƙe kan layin sauka ba. Jirgi mai inji yana kauce wa marar inji, domin marar injin ba zai iya fasa sauka ya sake hawa ba, kuma kowa yana kauce wa wanda ke cikin matsala. Matuƙin da ya ga titin bai zama fayau ba yana ƙara wuta ya sake zagayowa, kuma malaman tuƙi na kirki suna koya wa ɗalibansu cewa wannan ba abin kunya ba ne.

Duk da haka, ba zan ɓoye miki ba cewa karon jirage a sama, duk da ƙarancinsa, ya fi faruwa ne a kusa da filaye, da rana tsaka, a lokacin da sama take garau. Wani sanannen dalili shi ne jirgin da fukafukansa ke ƙasan jikinsa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa, wanda nasa ke sama kuma ba ya ganin abin da ke bisansa, sai na farkon ya sauko a kan na biyun ba wanda ya ga wani. Shi ya sa nake ganin matuƙin da ya yi kasalar yin sanarwa, ko ya yanke zagaye don ya tsira da minti biyu, ya ci amanar sauran. Idan zirga-zirga ta yi yawa har tsarin ya gaza ɗauka, to lokacin gina hasumiya ya yi. A taron jirage da ake yi kowace shekara a ƙarshen Yuli a Oshkosh, jihar Wisconsin, jirage kimanin 10,000 ke zuwa yankin cikin mako guda, kuma saboda cunkoso jami'an kula da zirga-zirgar jirage kan kira jirgi da launinsa da samfurinsa, shi kuma matuƙin ya amsa ta hanyar kaɗa fukafukai ba tare da ya yi magana ba.

Tambaya: Mene ne ma'anar manyan lambobin da ake rubutawa a bakin titin jirgi, kuma tsawon mita nawa ƙaramin jirgi ke bukata?

Amsa: Lambobin suna nuna alkiblar titin ne bisa kamfas, bayan an cire sifirin ƙarshe. Titin da ya fuskanci gabas, wato digiri 90, lambarsa 09, kuma idan aka shigo shi ta ɗaya ɓangaren ana fuskantar yamma, digiri 270, sai ya zama 27. Saboda haka bambancin lambobin biyu kullum 18 ne. Matuƙi yana zaɓar ɓangaren da zai sa ya fuskanci iska, domin iskar gaba tana rage tazarar da yake bukata wajen tashi da sauka. Da yake arewar maganaɗisu, wato arewar da allurar kamfas ke nunawa, tana gusawa a hankali, wani lokaci sai an sake fentin lambobin, kamar yadda aka yi a filin Stansted na Ingila a 2009, inda 05 da 23 suka koma 04 da 22.

Batun tsawo kuwa ba shi da amsa ɗaya. Ɗauki Cessna 172, jirgi mai kujeru huɗu da aka fara sayarwa a 1956 kuma aka ƙera fiye da 44,000, wanda ya fi kowane jirgi yawa a tarihi. Cike da kaya, a kan kwalta, a daidai tsayin teku da zafin digiri 15, yana gudun kusan mita 300 kafin ya bar ƙasa, kuma yana bukatar kusan mita 500 kafin ya haura bishiya mai tsayin mita 15. Amma da zarar zafi ya ƙaru ko filin yana kan tudu, iska tana yin sirara, inji ya rasa ƙarfi, farfela ta rage cizo, fukafukai kuma su bukaci ƙarin gudu. Matuƙa suna lissafa cewa kowane digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin da aka saba yana daidai da ɗaga filin da kusan ƙafa 120. Filin da ke tsayin ƙafa 2,000, inda ma'aunin da aka saba ya kamata ya zama digiri 11 domin zafi yana raguwa ne yayin da ake hawa sama, idan zafi ya kai 38 sai jirgin ya yi aiki tamkar yana tashi daga tsayin fiye da ƙafa 5,000. Ƙara doguwar ciyawa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan wannan, sai titin da ya wadatar da sanyin safiya ya gaza da azahar. Wannan ne ya sa matuƙi mai hankali kan rage fasinja ko kaya, ko ya jira yamma.

Tambaya: Shin ƙananan jirage da manya mai ɗaya suke sha?

Amsa: A'a, Malam. Yawancin jirage masu injin fistin suna shan wani fetur na musamman da aka fi sani da 100LL, wanda ake rina shi shuɗi domin a gane shi, kuma har yanzu akwai darma a cikinsa, abin da ya sa hukumomin Amurka suka sa burin daina amfani da mai darmar zuwa ƙarshen 2030. Jirage masu injin jet da masu farfelar da injin tabain ke juyawa suna shan Jet A-1, wanda dangin kananzir ne. Zuba na biyun a tankin na farkon kuskure ne mai kisa, domin injin zai iya tashi lafiya da ragowar man da ke cikin bututu, sannan ya lalace bayan jirgin ya bar ƙasa. Saboda haka kafin kowane tashi matuƙi kan tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki a cikin kofi mai haske, ya duba launinsa, ya kuma tabbatar babu ruwa kwance a ƙasansa.

Tambaya: Malam, gidanmu yana kusa da wani ƙaramin fili, kuma jirgi ɗaya sai ya wuni yana zagaye a kanmu, ya taɓa ƙasa ya sake tashi. Me yake nema, kuma ba a iya rufe irin wannan fili a huta?

Amsa: Malam, ɗalibi ne yake koyon sauka, wadda ita ce mafi wahala a duk darussan tuƙi, kuma ba a ƙware ta sai da maimaici. Lasisin tuƙi na farko yana bukatar aƙalla sa'o'i 40 a sama bisa ma'aunin ICAO, a Turai kuma 45, kuma kaso mai tsoka na waɗannan sa'o'i a wannan zagayen yake ƙarewa. Mafi yawan matuƙan manyan jiragen fasinja ta nan suka fara.

Wannan bai rage gaskiyar kukanka ba, domin ƙara tana hana barci da karatu, kuma mai jirgin da ya raina wannan kuka yana jawo wa filin baƙin jini. Sai dai rufewa mataki ne da ba a cika dawowa daga gare shi ba, saboda da zarar an yanka filin an yi gine-gine, samun wani shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon kilomita ɗaya a kusa da gari, wanda babu dogayen gine-gine a bakinsa, abu ne mai wuyar gaske. A Chicago, cikin wani dare na ƙarshen Maris 2003, magajin garin Richard Daley ya tura motocin rusau suka tona titin filin Meigs ba tare da sanarwa ba, jirage 16 suka maƙale a ciki, kuma filin bai sake buɗewa ba.

Shawarata ita ce ku haɗu da maƙwabtanka ku nemi zama da shugaban filin, ku tafi da bukatu takamaimai. Ana iya mayar da zagayen zuwa ɓangaren da babu gidaje, ana iya ɗaga tsayinsa, ana iya hana atisayen taɓa ƙasa da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, ana kuma iya umartar matuƙa su miƙe har su kai wani tsayi kafin su juya. Filaye da yawa a duniya suna aiki da irin waɗannan sharuɗɗa, kuma ana buga su a littafin bayanan filin domin baƙon matuƙi ma ya karanta kafin ya iso. Idan kuka rubuta ranaku da lokutan da ƙarar ta fi damun ku, tare da lambar da ke rubuce a jikin jirgin in kun iya hangenta, shugaban filin zai san makarantar tuƙi ko matuƙin da zai yi wa magana.