Tambaya daga Rotterdam: a ina ake yanka doguwar kalma?

Wata ɗaliba ta rubuto daga Rotterdam ta ƙasar Holan, ta ce Malam kalmomin yaren Holan sun ishe ta, kalma ɗaya tsawonta kamar layin mai, ba ta san inda za ta yanka ba balle inda za ta danna murya.

To 'yata, ki dinga farowa daga wutsiya. Doguwar kalmar nan kalmomi ne aka haɗa. Mu a Hausa jigon kalma a gaba yake, gidan sauro gida ne ba sauro ba, su kuwa a ƙarshe suke ajiye shi. Ziekenhuis, asibiti kenan, zieken majinyata, huis gida. Handschoen kuma takalmin hannu, abin da mu muka kira safar hannu, kowa da tunaninsa dai. Kalmar ƙarshen ce ke yanke jinsi ma, wato ko het za a sa a gaba ko de, het huis ne amma de deur, saboda haka ƙofar gida de huisdeur.

Danna murya galibi a kalmar farko ne, HANDschoen, ZIEkenhuis, sai 'yan tsiraru masu taurin kai irin stadHUIS, ofishin magajin gari, waɗannan haddacewa kawai ake yi.

Yanka gaɓa shi ne inda aikin yake. Bahaushe ya saba baƙi ya jingina da wasalin da ke gabansa, shi ya sa bakinki zai so cewa han-darbeid, alhali hand-arbeid ne, aikin hannu, a mahaɗa ake yankawa, kuma d ɗin nan t za ki ji tunda ƙarshen gaɓa ya faɗo. Wadda nake ba ɗalibai su yi ta dariya ita ce massagebed, in kin yanka massa-gebed kika danna MAS kin ce addu'ar taron jama'a, in kin yanka massage-bed kika danna SA kin ce gadon tausa, rubutu ɗaya sak, kinga kuskure a nan abin kunya ne a gaban liman.

Wannan s ko en da kike gani a tsakiya, kamar dorpsplein, dandalin ƙauye, kusan aikin -n da -r namu yake yi, kuma da kalmar farko yake tafiya, dorps-plein. Su ma yana ba su wahala fa, a gyaran rubutu na 1995 ne pannekoek, wato fankensu, ta koma pannenkoek, har yau in sun furta ba kya jin n ɗin.