Tambaya da Amsa: Makina ya tsaya cik a wasan ces

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a unguwar Sabon Gari, Maradi, kuma shekara guda ke nan ina buga ces, wanda ƴan lakwal ke kira eshek, a manhajar Lichess ta wayata, galibi da dare a fada kafin shayi ya nuna. Da farko makina ya faɗi zuwa 900, daga baya ya hau har 1300, amma wata huɗu ke nan bai motsa ba. Wasan minti uku nake bugawa, kuma ina son fito da sarauniya da wuri in kai farmaki. Mene ne ya tare ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faɗuwar farko ba abin damuwa ba ce, domin Lichess, wadda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, tana ɗora kowane sabon ɗan wasa a kan 1500, sannan ta gyara makin har ya dace da ƙarfinsa. Hawan da ka yi bayan haka guminka ne.

A ganina, salon da ya kawo ka nan shi ne ya tsayar da kai. Mai fito da sarauniya da wuri yakan nufi gidan f7, wato gidan sojan da ke dab da sarkin abokin karawa, wanda sarkin kaɗai ke tsaronsa a farkon wasa, kuma idan abokin karawa bai farga ba, a motsi na huɗu an gama da shi. Wannan tarko yana kama sababbin shiga. Waɗanda kake haɗuwa da su yanzu kuwa sun san shi: za su tura soja gidan g6, su fito da doki, kowane motsi yana korar sarauniyarka yana kuma kafa rundunarsu, kai ko dawakinka suna nan inda aka jera su. Tsofaffin da ke buga dara a gindin bedi sun san wannan tun da daɗewa, don wanda ya yi garaje lokacin dasa ƴaƴa a gidaje talatin ɗin nan, ci ba ya zo masa da sauƙi.

Sai maganar lokaci. Minti uku ba ya isar mai koyo ya yi tunani, balle idan intanet ta yanke agogo kuma yana tafiya. Ka koma wasan minti goma sha biyar, ko da biyu kawai za ka buga a dare. Ka fito da dawaki da giwaye (giwaye su ne ƴaƴan da ke tafiya a karkace), ka ɓoye sarki a lungu, sannan sarauniya ta fito.

Duk wasan da aka ci ka, kada ka yi saurin shiga wani. Ka koma kansa da kanka tukuna, ka nemo motsin da ya ɓata maka lissafi, bayan haka ka buɗe Stockfish, injin nazarin da ke cikin manhajar kyauta, ka gwada hasashenka da nasa. Makinka zai iya ɗan sauka a makonnin farko yayin da hannunka ke sabawa da sabon salo. Ka sake rubuto mana bayan wata uku da wasa ɗaya da aka ci ka, mu duba shi tare a wannan fili.