Katin bashi na farko ga wanda bai taɓa cin bashin banki ba

Ɗan'uwa, ka ce kana da shago a Kantin Kwari, ba ka taɓa cin bashin banki ba, yaya za ka samu katin bashi? Da BVN ɗinka banki zai duba ka a CRC ko FirstCentral, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane. In bai ga komai ba, shige da ficen asusunka zai kalla. Don haka daina tara ciniki a durowa, riƙa zuba shi a asusu ɗaya kamar wata 6, sannan ka nema a wannan bankin. In sun ƙi, tambayi katin da ake ajiye kuɗi jingina. Don Allah ka riƙa biyan duka kafin wa'adi, kada ruwa ya hau. In kuɗin ruwa ne damuwarka, fara tuntuɓar Jaiz ko TAJBank, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa.