'Yata ta samu gurbi a ƙaramar kwalejin lafiya, shin takardar za ta yi mata amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta gama sakandare da kiredit ɗinta cif, ta nemi makarantar aikin jinya ba ta samu ba. Yanzu wata kwalejin kimiyyar lafiya mai zaman kanta da ta buɗe reshe a garinmu ta ba ta gurbin kwas ɗin CHEW, na ma'aikatan lafiyar al'umma. 'Yan uwa suna cewa makarantar ƙauye ce, asara zan yi. Shugaban makarantar kuwa ya nuna mini takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, rataye a bango, ya ce kuma suna da alaƙa da wata jami'a. Hatsi zan sayar in biya, barci ya ƙaurace wa idona. Mece ce shawara? Daga wani uba a Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa yarinya albarka.

Maganar 'yan uwa ba ta da nauyi. Makarfi, Kankiya, Jahun, Ningi, Tsafe, Gwadabawa, Kaltungo, duk babu babban birnin jiha a cikinsu, amma makarantun gwamnati da ke waɗannan garuruwa sun yaye ɗimbin ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin Arewa. Sau da yawa ma ɗalibar ƙaramin gari ta fi samun sa hannu a aiki, domin ranar awo ko riga-kafi ita za a miƙa wa ma'aunin jini, ba leƙe za ta yi ta bayan mutum goma ba.

Abin da ya tayar mini da hankali takardar nan ce ta bango. Kusan kullum sai wani uba ya zo mini da wannan magana, kuma na gaji da ganin ana cutar bayin Allah da ita. Rajistar CAC shaida ce cewa an yi wa kamfani rajistar suna, irin wadda ake ba mai gidan burodi. Ba ta ce akwai malamai ba, ba ta ce akwai ɗakin gwaji ba. Izinin gwamnatin jiha shi ma izinin buɗe ƙofa ne kawai. Ita kuwa "alaƙa da jami'a", ko da gaskiya ce, ba ta ba kowa ikon taɓa maras lafiya.

A wannan fanni takardar makaranta daban, lasisi daban, kuma lasisin ba a hannun makaranta yake ba. Mai karanta CHEW, shekara 3, ko ƙaramin matakinsa JCHEW, shekara 2, lasisinsa yana wurin CHPRBN, hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma wadda aka kafa a 1992. Mai koyon gwajin jini da fitsari nasa yana wurin MLSCN, mai taimaka wa masu harhaɗa magunguna PCN, duba-gari EHCON, mai adana bayanan marasa lafiya HRORBN. Idan ND ko HND aka ce za a bayar, to sai an ƙara da amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna. Kowace hukuma kwas ɗinta kaɗai take dubawa. Makaranta tana iya samun amincewa a kwas ɗaya, sai ta fake da shi ta buɗe wasu biyar.

Ka ce reshe ne. Nan ma ka tsaya. Masu tantancewa wuri suke zuwa su gani da idonsu: azuzuwa, ɗakin gwaji, malamai, da asibitin da ɗalibai za su riƙa zuwa koyon aiki. Abin da suka gani a uwar makaranta ba shi ne a ginin hayar da aka liƙa wa allo a garinku ba.

Ko an tsallake duk waɗannan, saura kota, kuma nan ne aka fi zubar da hawaye. Hukuma tana ƙayyade wa makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka a kowane kwas. Su kaɗai ake aika wa hukumar sunayensu ta ba su lambar rajista, wato indeksin, kuma babu wanda zai zauna jarrabawar ƙasa ba tare da lambar nan ba. Mai makarantar da kuɗi ne a gabansa sai ya cika aji har ya yi ambaliya. Kowa ya biya, kowa ya ɗinka farin yunifom. Idan lokaci ya yi, a ce wa sauran su yi haƙuri sai baɗi. Baɗi ta zo, ga sababbi sun taru a bayansu. Yarinya ta gama shekara 3, an yi walima, an ɗauki hoto, sai jiha ta buɗe ɗaukar ma'aikata a ce ta kawo lasisi, babu.

Kuma cutar ba a kanta take tsayawa ba. Wanda ya fito ba lasisi, ga iyaye sun zuba ido, ina zai nufa? Sai ya kama shago ya jera magani, unguwa ta sa masa suna likita. Ya yi allurar da bai san illarta ba, ya ɗaura ƙarin ruwa a kan benci, ya riƙe mai naƙudar da ya kamata tun da asuba ta kasance a babban asibiti. Shi ma'aikacin CHEW na gaskiya da littafin ƙa'idojin aiki aka horar da shi, wanda ya faɗa masa abin da zai yi da inda zai tsaya ya tura gaba. Masu buɗe irin waɗannan makarantu su ji tsoron Allah, domin alhakin kowane ran da ya salwanta a shagon nan yana da rabo a wuyansu. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun lafiya masu zaman kansu 26 da ba sa kan ƙa'ida. Hukumomin ma ba zan wanke su ba: bai kamata a ce sai uba manomi ya yi ta yawon ofis kafin ya san ko makarantar da ke bakin titi ta halal ce ba.

Ban ce makarantar garinku ta bogi ce ba, akwai masu zaman kansu da ke aiki tsakani da Allah. Ka koma wurin shugaban cikin mutunci, ka ce ya nuna maka wasiƙar CHPRBN. Ka duba sunan kwas, da adireshin da aka rubuta, da ranar da amincewar za ta ƙare, da yawan kota. Sannan ka tambayi ɗaliban aji ɗaya su nawa ne a yanzu, ka gwada da abin da ke cikin wasiƙar. Ka nemi 'yan aji biyu a waje, ba a gaban malamansu ba, ka tambaye su ko lambarsu ta fito. Daga nan ka tabbatar da sunan makarantar a wurin hukumar kanta ko a ma'aikatar lafiya a Dutse. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Idan aka fara yi maka kwana-kwana, ka janye, ta jira fom ɗin makarantar gwamnati ta Jahun. Idan kuma komai ya fito daidai, ka biya da kwanciyar hankali. Bayan CHEW tana iya yin kwas ɗin CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, a asibitin koyarwa, wanda shi ne matakin sama a aikin lafiyar al'umma.