Kun Tambaya: Me ficewar Nijar daga ECOWAS ta canza ga masu tsallaka iyaka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Daura, kuma nakan bi ta Kongolam in shiga Matamaye da Damagaram. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS majalisarmu ta rabu biyu: wasu na cewa sojoji sun ƙwato wa ƙasarsu 'yanci, wasu na cewa sun ƙara jefa talaka cikin ƙunci. Wa ke da gaskiya, kuma me ficewar ta canza ga irinmu? An ce Birtaniya ma ta taɓa yin haka.

Wani mai karatu daga Daura

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Gardamar majalisarku ba za ta mutu da wuri ba, domin ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Masu murna suna duban mutuncin ƙasa da haushin abin da aka yi mata, masu ƙorafi kuwa suna duban kuɗin mota da farashin buhu, kuma kowannensu yana da hujjar da ya gani da idonsa.

Sai an tuna yadda abin ya faro kafin a gane zafin masu murnar. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana huɗu kuma shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja bisa jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba da wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kaso mafi tsoka na wutar da ƙasar ke sha. Ba sai na gaya wa mutumin Daura ko na Jibiya abin da ya biyo baya ba: manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin shinge, albasa ta ruɓe a cikin buhu, 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha sun wayi gari ba ciniki. Sojojin da aka so a ladabtar ba su rasa abincin dare ba. A ganina wannan takunkumi kuskure ne babba, kuma shi ya mayar da mutane da dama waɗanda ba su taɓa son mulkin soja ba suka zama masu kare shi. Hatta a Najeriya sanatocin Arewa da malaman addini sun fito fili sun ƙi batun yaƙi, saboda sun san cewa gidan sarautar Maraɗi na Katsinawa ne, kuma da wuya a sami zuriya a bakin wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 wadda ba ta da dangi a ƙetare.

Daga nan Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES a Satumbar 2023, suka sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024. ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun shekarar, aka buɗe iyakar Najeriya da Nijar a Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da yake dokar ƙungiyar ta tanadi sanarwar shekara guda, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, mambobi suka koma 12 daga 15.

To, me ya canza gare ka? A zahiri kaɗan ne zuwa yanzu, kuma nan ne masu murna suke samun ƙarfin cewa ai ga shi sama ba ta faɗo ba. A ranar ficewar ECOWAS ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su bar su suna shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin moriyar tsarin sassaucin haraji, har sai an ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen AES sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Ba su fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ba, don haka sefar da kake canzawa a Mai'aduwa tana nan yadda ka san ta.

Amma ina so ka lura da kalaman nan na "har sai an ba da wata sanarwa", domin a nan masu ƙorafi suke da gaskiyar da ba a cika saurara ba. A da, shigarka Nijar ka zauna har kwana 90 ba biza haƙƙi ne rubutacce a yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wanda idan jami'i ya tauye maka akwai dokar da ya saɓa. Yanzu alfarma ce da kowane ɓangare ya ga dama ya yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. An fara ganin alamar haka a Maris na 2025, lokacin da AES ta sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigarwa daga waje domin ɗaukar nauyin ƙawancen. Kuɗin ba shi da yawa, sai dai ya nuna cewa ƙa'idar ciniki tana iya sauyawa a zama ɗaya ba tare da an tuntuɓi maƙwabta ba. Adalci ne kuma a faɗi cewa zama mamba bai taɓa zama cikakkiyar kariya ba, tunda Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, alhali kowa yana cikin ƙungiyar. Na goron da ake karɓa a shingaye ma ba yarjejeniyar da ta taɓa hana shi.

Batun Birtaniya gaskiya ne, amma akwai bambanci mai muhimmanci. Can an tambayi jama'a: a ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016 kashi 51.9 suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, kashi 48.1 suka zaɓi zama, kuma duk da haka sai 31 ga Janairun 2020 aka fita, bayan rikicin ya ci kujerar firaministoci biyu, David Cameron da Theresa May. Abin da ya fi ba su wuya shi ne iyakar Ireland ta Arewa, inda mutane ke kwana a wannan ɓangare su yi aiki a wancan, kuma sai a 2023 aka sake daidaita ƙa'idar kayan da ke shiga yankin. A Nijar ba a kaɗa ƙuri'a ba, gwamnatin da ta yanke hukuncin ma ba zaɓaɓɓiya ba ce. Taron dubban mutane a Yamai yana nuna cewa matakin yana da magoya baya na gaske, amma taro ba ƙidaya ba ne, musamman a inda aka dakatar da jam'iyyun siyasa kuma mai adawa yake tauna maganarsa kafin ya furta. Saboda haka duk wanda ya ce maka "'yan Nijar duka" suna so ko ba sa so, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa.

Abin da ya kamata 'yan kasuwar Katsina su matsa wa wakilansu a kai shi ne a mayar da alfarmar nan rubutacciyar yarjejeniya. Hanyar tana nan, domin Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, kuma layin dogo mai tsawon kilomita 284 da ake shimfiɗawa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi ba zai yi amfani ba idan ba a san ƙa'idar da kaya za su tsallaka da ita ba. Kafin nan, Alhaji, kada ka dogara da sanayya a bakin iyaka kamar da. Ka sabunta takardar tafiyarka, ka riƙe katin rigakafi, ka karɓi rasit a kan duk abin da ka biya wa kwastan ko 'yan duwan, kuma ka tambayi direbobin da suka dawo a makon kafin ka ɗora kaya masu saurin lalacewa.