Amiloz: abin da na gani wajen jinyar Babanmu

Salamu alaikum ƴar uwa, Allah shi ba Inna lahiya. Kin ce likita ya rubuta mata amiloz, kina tambaya ko kansa ce, wato ciwon daji, kuma ko ana ɗauka. Ba a ɗauka, ku ci kwano guda ba komi. Ni ba likita ba ne, amma shekara biyu na yi ina jinyar Babanmu da shi nan Maradi.

Yadda aka yi mani bayani, wani furotin ne jiki ke yi ya lanƙwashe ba daidai ba, jiki ya kasa narkar da shi, sai ya dinga taruwa cikin ƙoda ko zuciya ko jijiya. Shi Baba a ƙoda ya zauna mai. Hitsari na kumfa kamar an zuba Omo, ƙahwahu suka kumbura har takalmin Juma'a ya daina shiga, in ka danna da yatsa sai ramin ya tsaya. Wata takwas ana ba shi maganin sa hitsari, ƴan gida kuma sun ce sammu ne, jikkunan da muka zubar wajen turare da saiwoyi Allah kaɗai ya sani. Sai da aka tsinko ɗan nama daga ƙodar aka yi analiz, akwai wani jan rini da ake ce ma Kwango, shi ke tona shi.

Abin da zan roƙe ki, ki koma ki tambayi likita wane iri ne, don maganin ba guda ba ne. Na Baba AA ne, tarin huka da ya daɗe yana cin shi ya jawo, sai aka bi ciwon asali. AL daga ɓargo yake, shi ne mai dangantaka da kansar ɓargo, shimiyo, wato maganin kansa, ake yi mai. Sai ATTR, furotin ne da hanta ke yi, ya hi kama zuciyar tsohi, kuma akwai nau'insa na gado da asalinsa nan Afirka ta Yamma ne, wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen Amurka na ɗauke da shi. In shi ne, ku ɗiyanta ma ku tambaya ko sai an gwada ku.

Ku rage mata gishiri da Maggi, kuma don Allah ban da diklofenak ɗin ƴan tebur, maganin ciwon jikin nan, yana ƙara kashe ƙoda, mu ba mu sani ba sai daga baya. Ita ina ya taɓa mata, ƙoda ko zuciya?