Alkama ce ke cutar da gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama likita. Ni uwa ce mai ƴaƴa huɗu a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Shekara biyu ke nan lafiya ta ƙi zama a gidana. Autata ƴar shekara 4 ce, cikinta kullum a kumbure, zawo ya zo ya tafi, sa'anninta duk sun fi ta tsawo. Wanta mai shekara 9 yana yawan kukan ciwon ciki bayan karin kumallo. Ni kuwa kullum a gajiye nake, sau biyu ana ce mini jinina ya yi ƙasa, na sha ƙwayar ƙarin jini ban ga canji ba. Da safe burodi muke ci da shayi mai madarar gari, da dare sau da yawa taliya. Ƙanwata da ke aure a Faransa ta ce alkama ce, wai akwai wani abu gulutin a cikinta, in daina ba su sam. Maigida ya ce wannan ciwon Turawa ne. Na daina kwana 10, sai na ga kamar autar ta ji dama. In ci gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba ku lafiya. A'a, kada ki ci gaba tukuna. Ki mayar musu da burodinsu har a yi gwaji. Na san maganar za ta yi miki nauyi, tun da idonki ya ga sauƙi, amma ki saurari dalilina.

Ƙanwarki ba shaci-faɗi ta yi ba. Gulutin shi ne abin da ke sa kwaɓin alkama yauƙi da danƙo, yana kuma cikin sha'ir. Akwai mutanen da in sun ci shi garkuwar jikinsu ke juyawa ta far wa ƙaramin hanji. Cikin hanjin nan shimfiɗe yake da ƴan tsirarrun gashi kamar na tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Cutar na goge su, sai mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki bai samu ba: yaro ya ƙi girma, babba jininsa ya yi ta ƙasa ko yana shan magani. Sunanta cutar siliyak, likitocinmu da Faransanci suna ce mata maladie cœliaque. Tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma tana bin jini: in an same ta ga mutum, kusan 1 cikin 10 na iyayensa da ƴaƴansa da waɗanda suke ciki ɗaya su ma suna da ita. Ƙarancin jininki da ya ƙi jin magani, haɗe da tsawon autarki, su suka sa ban yi wasa da wasiƙarki ba.

Ki gaishe mini da maigida, ki ce masa ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 1999 an auna yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda garin alkama ya zama abincin yau da gobe, aka samu fiye da 5 cikin 100 suna da ita. Wannan adadi na cikin mafi yawa da aka taɓa gani a ko'ina.

To me ya sa na ce ki mayar da burodi? Gwajin jinin da ake yi, mai suna tTG-IgA, sawun faɗan da jiki ke yi da gulutin yake nema. In an daina cin alkama faɗan ya lafa, sawun ya ɓace, sai takarda ta fito ta ce lafiya lau alhali cutar na nan. Wanda ya jima da dainawa sai ya koma ci kullum na kusan mako 6 kafin a ɗauki jininsa. Ke kwana 10 ne kawai, ba ki yi nisa ba. Ki kai su wurin likitan yara a babban asibitin Damagaram, ki faɗi sunan gwajin, ki ce a haɗa da ke. Shi zai gaya miki inda za a ɗauki jinin, da ko ana bukatar leƙa hanji da na'ura don tabbatarwa.

Amma ga abin da ya fi damuna. Mutanen gida ɗaya ba jini kawai suka haɗa ba, sun haɗa randa da tukunya. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan: famfo ya ɗauke, a sayi na ƴan garuwa, a tara a tanki da jarkoki kwana da kwanaki. A aikina, cikin yaran da ake kawowa da kumburin ciki da zawo mai kai da komo, tsutsar ciki da ƙwayoyin da ke shiga ta ruwa, irin su jiyardiya da amiba, su na fi cin karo da su nesa ba kusa ba. Alamunsu da na siliyak kamar an tsaga kara. Don haka a fara da gwajin bayan gida ga yaran duka, a duba jini, a duba zazzaɓin cizon sauro da sikila. Waɗannan sun fi araha, maganinsu kuma na kusa. Ki riƙa tafasa ruwan sha ko ki sa masa ƙwayar tsaftace ruwa, ki wanke randa duk mako.

Sai madara. Ina so ki tuna, da kika janye burodi, shayin mai madara ya ci gaba ko shi ma ya tafi? Da yawanmu in mun wuce yaye cikinmu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai iska da murɗa da zawo bayan awa ɗaya ko biyu. Ciwon cikin ɗanki na safe ya fi yi mini kama da wannan. Shi kam kina iya gwada shi a gida: ki janye madarar gari mako 2, ki bar komai yadda yake. Nono mai tsami da kindirmo sun fi sauƙi a ciki. Abu ɗaya ake janyewa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ki gane mai laifin ba. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kowa ya ci da yadda ya kwana, ki tafi da shi wurin likita.

In gwaji ya nuna siliyak ce, maganinta barin alkama har iyakar rai, ko ɗan gutsure ba a yarda ba. A nan mu mun yi sa'a. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, acca, babu gulutin a cikinsu. Fura, tuwon hatsi da miyar kuka, koko da ƙosai, dambun masara da zogale, abincin da kakanninmu suka tashi da shi ke nan. Abin da za a bari shi ne burodi, taliya, kuskus na kanti, fanke, cincin, biskit, funkaso, da alkakinmu na Damagaram. Wannan na ƙarshe na san zafinsa, ni ma ba na iya tuna sallah ko biki a gidanmu babu shi, kuma yarinya ƴar shekara 4 ba za ta gane dalilin da ya sa aka hana ta ba. Sai ki tanadar mata nakiya ko gireba ta garin shinkafa da kika yi da hannunki. Ki kuma kula da alkamar ɓoye: ɗanwaken saye da ake zuba wa fulawa, injin niƙan da aka niƙa alkama kafin hatsinki, man da aka soya fanke sannan aka saka ƙosai.

Autar kuwa kada ki jira. Cikin makon nan ki kai ta a auna nauyinta da tsawonta da damtsenta. In kin ga jini a kashinta, ko ƙafafunta sun kumbura, ko idanunta sun faɗa, ko ta ƙi ci da sha, ranar nan za ki kai ta, ko da dare ne. In sakamako ya fito ki sake rubuto mini, ina son jin yadda ta kwana.